Kwanukan Mama Agnes

Idan mutum ya fita daga Bauchi ta hanyar Jos, ya wuce Miri kaɗan, zai ga wata 'yar hanya ta hannun dama. A da kwalta ce, yanzu tsakuwa ta fi kwaltar yawa. Ita ke kai mutum Unguwar Inji. Tun daga bakin titi ake hango dogon bututun hayaƙi a tsakiyar gonaki. Kamfanin matse man gyaɗa ne a wurin, ya tsaya tun ban shiga firamare ba. Abin da ya rage shi ne katanga, da manyan rumfunan langa-langa da tsatsa ta cinye, da layukan gidajen ma'aikata da ake kira kwatas, sai kuma mutanen da ba su tashi ba.

Ni 'yar Ƙofar Dumi ce. Na je unguwar ne saboda na samu aikin koyarwa a ƙaramar sakandaren da ke can, bayan na gama jami'a da hidimar ƙasa na daɗe zaune a gida. Zuwa da dawowa kullum ba zai yiwu ba, ga tsadar abin hawa. Babana, Malam Sabitu mai walda, ya yi aiki a kamfanin yana saurayi, kuma yana da amini a can, Baba Obadiya, wanda ya rasu daf da Kirsimeti. Da Baba ya je ta'aziyya sai ya dawo da magana. Ya ce matar marigayin tana da ɗaki babu kowa a ciki, kuma a duk faɗin wurin ita kaɗai zai damƙa wa 'yarsa hankalinsa kwance. Innata ta tambayi batun abinci da salla. Baba ya ce, "Tuwonta na ci shekara da shekaru kafin na san naki." Maganar ta ƙare a nan.

Mama Agnes, matar marigayin, gajeriya ce, kakkaura, mai saurin tafiya, duk bayan hannayenta tabon wuta ne. Ranar da na isa tana ɗaure da baƙin kallabi na makoki. Ta nuna mini ɗakin, an share shi, an ajiye sabuwar tabarma da buta. A jikin bango ɗaya ta zana kibiya da gawayi.

"Gabas ke nan," ta ce. "Na tambayi liman, kar ki ce Agnes ta juya miki alƙibla."

Ta kawo mini gwate, wato faten masara, a wani tsohon kwanon silba mai faci a gindi. Ta tsaya a kaina ina ci.

"'Yar Sabitu, kin gane kwanon nan?"

"A'a, Mama."

"Na babanki ne. Shi ya huda shi da ganganci, ya ɗora shi a kan ƙarfe mai zafi, shi kuma ya like shi da dalma. Zo ki gani."

Ta ɗaga labulen wani ɗan sito a bayan ɗakinta. Kwanuka ne irin nawa, an kife su bisa juna a kan katako har kusa da rufi. Kowanne da alamarsa. Wani ɗigon jan fenti, wani an zana masa tsani da ƙusa, wani an ɗaura masa waya a baki. Babu ƙura a kansu.

Ni ba mai yawan magana ba ce, ita kuwa ba ta jiran a tambaye ta. A haka na ji labarinta gutsi-gutsi, yawanci da yamma muna tsinke yakuwa a ƙofar ɗaki.

Daga Bogoro aka kawo ta tana amarya, a gaban wata motar gyaɗa da ta tashi babu kaya. Aikin Baba Obadiya shi ne zuba ɓawon gyaɗa a wutar babbar tukunyar tururi, wadda ke juya injinan kamfanin. Mai wannan aiki ba ya barin wuta ya tafi gida cin abinci, don haka takan kai masa bakin get da rana. Abokan aikinsa suka riƙa sa hannu a nasa har yakan tashi da yunwa. Sai ta ƙara kwano. Sai ta ƙara tukunya. Kafin shekara ta zagayo, in an buga jiniyar hutu rabin ma'aikata a wajenta suke tsugune. Manajan lokacin ya ga mutane suna fita ba sa dawowa da wuri, ya ce ta shigo ciki ta kafa murhu kusa da wata tsamiya da ke gefen sito. Kamfani ya raba wa kowane ma'aikaci kwano ɗaya, kamar yadda ake raba takalmi da rigar aiki. Babu mai tafiya da nasa gida. In an ci sai a ajiye mata, ta wanke ta kife.

Ta san wanda ba ya cin barkono, ta san wanda in bai ga ƙashi a miya ba sai ya yi fushi. Nama kuwa kullum Musulmi ke yanka mata, don kada wani ya ɗaga hannu daga kwano. Da azumi takan mai da rabin girkinta yamma saboda masu aikin dare. Amma ba a taɓa ɗaukarta aiki ba. Ba ta da kati, ba ta da lamba. "Uwar Tuwo" kawai ake ce mata.

Wata safiya aka buga jiniya ba a lokacinta ba. Aka tara ma'aikata aka ce wani ƙarfe ya karye a babban inji, za a kawo sabo daga ƙasar waje, kowa ya je gida ya jira. Tukunyarta tana kan wuta a lokacin. Suka zo suka ci kamar kullum, suka ajiye kwanuka, suna cewa, "Ajiye mana, Uwar Tuwo, sai an dawo."

Ƙarfen bai zo ba. Masu sana'ar hannu irin Babana suka koma gari. Waɗanda suka rage suka duba filin da ke cikin katanga, suka ɗauki fartanya.

Sun yi abin da tsari. Suka kafa ƙungiyar tsofaffin ma'aikata, suka naɗa Alhaji Mijinyawa, wanda shi ne mai kula da sito, ya zama ciyaman. Kowa ya noma filin da ke jikin sashen da ya yi aiki: 'yan matsa a gefen rumfar matsa, 'yan buhu a bayan sito, direbobi a wajen sikeli. Suka kuma kafa doka ɗaya, wadda har yara sun haddace a unguwar: gona da ɗaki na ma'aikaci ne, ba gado ba ne. Dalilinsu shi ne su masu tsaron amana ne har ranar da kamfani zai dawo. In aka fara gado, gobe sai a fara sayarwa, jibi hukuma ta ce sun cinye fili ta kore su duka. Don haka in ma'aikaci ya rasu, iyalinsa sukan zauna har taron rabon gona, sannan su ba da mabuɗi, gonar ta koma hannun wani ma'aikacin da ke raye. Taron ba shi da rana a kalanda. Asabar ta farko ce bayan shamuwa ta sauka a kan bututu, alamar damina ta kusa.

Ke nan wa'adin Mama zuwa dawowar shamuwa ne. Ta faɗa mini haka tun makon farko, tana ɓare gyaɗa, ba tare da ta ɗago ba. Daga nan sai Abuja, wajen ɗanta Micah, wanda ke aiki a wani otal. Ta taɓa zuwa sau ɗaya.

"A bene yake, 'yar Sabitu. Ko albasa ba ki da inda za ki dasa. Ina zaune a sama kamar tantabara, in na leƙa ƙasa ban san kowa ba. Na gaishe da maƙwabciya, ta dube ni kamar na zo roƙo."

Gonar Baba Obadiya ita ce ta bayan tukunyar tururi, kuma babu kamarta a cikin katanga. Tokar ɓawon gyaɗa ta shekaru tana kwance a wurin, ruwan rufin rumfuna kuma duk nan yake gangarowa, har shinkafa take yi. Wanda layi ya zo kansa shi ne Baba Zakka, wani dogon tsoho siriri daga cikin 'yan matsa. Tasa gonar inda manyan motoci ke juyawa ce a da, tsakuwa da baƙin mai. Na ga kararan masararsa na bara, ba su wuce ƙugu ba. Ga kuma ɗansa Joel da ya yi aure babu ɗaki, matar tana gidan iyayenta. Baba Zakka da marigayin kamar wa da ƙane suke, coci ɗaya, kuma kullum suna dara a gindin katanga. "Matar yaya" yake ce wa Mama.

Wata Asabar da zafi ya fara, Mama ta tashi da sassafe ta kwashe takin akuyoyinta a buhuna. Na ɗauki ƙaramin na bi ta. Muna cikin zubawa tsibi-tsibi a gonar bayan tukunya sai ga Baba Zakka a kan kekensa. Ya sa ƙafa ɗaya a ƙasa.

"Matar yaya, sannu da aiki."

"Yawwa, Zakka. Ya gwiwar?"

"Gwiwa da sauƙi. Wannan takin fa, wa ake zuba wa?"

Mama ta tsaya da buhu a hannu. Na ga fuskarta, kuma na tabbata mantuwa ce. Duk shekara war haka take kai taki, hannunta ne ya yi abin da ya saba. Amma ba ta ce ta manta ba.

"Gona ake zuba wa."

"Gonar wa?"

"Kai da za ka karɓe ta, ba sai ka gode ba? Ka samu taki ko sisi ba ka biya ba."

"Ni ban aike ki ba. So kike a zo taro a ce Agnes ta riga ta sa guminta, a bar mata bana. Baɗi ma a ce haka. Na san wannan wasan. Yaya ma haka yake yi a dara, ya tura ɗa kamar bai gani ba."

"Cire shi daga bakinka. Mutumin da yake tsame nama daga kwanonsa ya jefa a naka."

"Na ci, ban musa ba, Allah ya ba shi hutawa. Amma matar Abdulsalam ta tashi. Matar Baffa direba ta tashi da 'ya'ya ƙanana. Laifin me suka yi da ke ba ki yi ba?"

Gaskiya ya faɗa, Mama ma ta sani. Ta zazzage sauran takin, ta naɗe buhun, ta ce masa ya tabbata ya baza kafin ruwa ya sauka, in dai ya san yadda ake yi. Ya ce tun tana goye yake noma. Muka dawo gida.

Da yamma na yi ƙarfin hali na ce, "Mama, da kin je wajen Alhaji Mijinyawa kin roƙe shi."

"Na roƙi me? Ina tsaye aka kafa dokar nan. Ni na dafa abincin da suka ci ranar. Da matar Baffa za ta tafi, ni na taya ta ɗaure kaya."

Ta kira Micah ta ce ya nemi mota. Ta sayar da akuyoyi biyu, ta bar ɗaya. Ta raba wa matan zumuntar coci tukwanen da ba za ta iya ɗauka ba. Ta ce in kwantar da hankalina, ta yi magana da matar liman, akwai inda zan zauna. Abin da ya rage mata shi ne kwanukan. Na same ta a ɗan siton tana kallonsu, hannu a ƙugu.

"Ba nawa ba ne," ta ce. "Ba na hawa bene da kayan mutane. Kuma a garinmu ba a mai da wa mutum kwanonsa babu komai a ciki."

Shamuwa ta zo ranar wata Talata. Ɗalibaina ne suka fara hango ta ta taga, aji ya ruɗe, na rasa yadda zan yi da su. Da na dawo gida Mama ta riga ta sani. Ta aika an kira liman ya yanka akuyar da ta rage ranar Juma'a.

Safiyar Asabar muka loda kwanuka a baro, muka tura zuwa cikin katanga. Ciyawa ta rufe wajen tsamiyar, amma Mama ta nufi wuri ɗaya kai tsaye, ta sa ƙafa ta ture, sai ga duwatsun murhunta baƙi ƙirin. Mata biyu daga zumunta suka zo da babbar tukunya. Aka hura wuta da itace da ɓawon gyaɗa. Gwaten masara ta yi, da yakuwa da gauta da dakakkiyar gyaɗa, nama a gefe.

Tunda jiniya ba ta aiki, tsohon mai gadi yakan buga wani ƙarfen tayar mota da ke rataye a bakin get. Da ya buga, tsofaffi suka fara shigowa, wasu da sanda, wasu a keke. Ba su kai talatin ba. Suka zauna a kan faffaɗan ƙarfen sikelin da ake auna motoci a da, kowa kusa da mutanen sashensa, kamar yadda suke tsayawa lokacin aiki. Mata da matasa muka tsaya daga baya. Liman ya yi addu'a, wani dattijon coci ya yi tasa. Alhaji Mijinyawa yana kan benci, farin gemu, tarin mabuɗan sito rataye a wuyansa da igiya.

Ya bi sashe-sashe, kowa ya amsa yana nan kuma zai noma tasa. Da aka zo kan tukunyar tururi babu mai amsawa. Ya ce Allah ya karɓi Obadiya, gonarsa ta koma ga Zakka, ko akwai mai magana? Babu. Sannan ya yi gyaran murya.

"Maman Micah."

Mama ta fito ta kwance mabuɗi daga bakin zanenta, ta ajiye a kan benci kusa da shi.

"Ciyaman, ga naku. Amma kafin na tafi, kowa ya karɓi ajiyarsa."

Ta koma wajen tukunya ta fara zubawa, ni ina miƙawa. Ba ta duban kwano sau biyu. "Wannan na mai gadi ne. Wannan mai wayar na Ciyaman. Miƙa wa Zakka kwanon nan mai lanƙwasasshen baki, ban sa masa barkono ba, ya ji da gwiwa kaɗai." Wurin ya kaure da hayaniya. Kowa yana jujjuya nasa yana neman alamarsa. Wani tsoho ya ɗaga nasa don ya ga gindin, saura kaɗan ya juye wa kansa gwate. Wani ya ce wallahi ya ɗauka nasa ya ɓace tun zamanin soja. Baba Zakka ya karɓa, ya shafa lanƙwasar da yatsa.

Da kowa ya samu, kwanukan da suka rage a baro sun fi waɗanda aka raba yawa nesa ba kusa ba. Mama ta tura baron har gaban benci.

"Waɗannan masu su sun mutu, ko sun yi nisa. Na Obadiya yana ciki. Kai ne mai sito, na damƙa maka. Ku kuma in kun gama kowa ya tafi da nasa gida."

Hayaniyar ta mutu. Alhaji Mijinyawa ya daɗe yana kallon baron, bai taɓa shi ba.

"Mu tafi da su gida," ya maimaita. "To in aka kawo ƙarfen nan, aka buga jiniya, a ina za mu ci?"

Matasan da ke bayana suka yi dariya. A kan sikeli babu wanda ya yi.

"Ciyaman," in ji Mama, "ƙarfen da tun Micah yana firamare ake jira?"

"An zo an ce miki an fasa? Ni dai ba a zo an ce mini ba. Hutu aka ba mu. Shi ya sa mabuɗin sito yake wuyana, shi ya sa mai gadi yake bakin get. Kwano kuma kayan kamfani ne, na sashen abinci, ni na fitar da su da hannuna. Duk shekarun nan wa yake tsaronsu?"

"Uwar Tuwo!" wani ya amsa da baki cike.

Baba Zakka ya ajiye kwanonsa ya miƙe. "Ciyaman, na ga inda ka nufa. Ba ta da lamba. Ba ta da kati."

"Kai ina naka katin?"

"Gara ta cinye."

Aka fashe da dariya. Mai gadi ya ɗaga sandarsa ya ce, "In albashi ne shaida, duk nan babu ma'aikaci ko ɗaya. Ita ce ma kaɗai ta yi aikinta yau."

Baba Zakka bai zauna ba. Muryarsa ta sauka. "Ni ban ƙi matar yaya ba, Allah ya sani. Amma Joel fa? Matarsa tana gidan ubanta da tsohon ciki. Kullum surukina yana tambayata ko ɗa na haifa ko baƙo. Na ce masa ya jira shamuwa. Ga shamuwa. In koma in ce masa me?"

Mama ta goge hannu a zane ta ce, "Ɗaki biyu ne a gidan." Sai ta waiwayo ta dube ni, kowa ma ya waiwayo. Na ji kamar in nutse. Na matsa kusa da ita na ce a hankali katifata ba ta da faɗi.

"'Yar Sabitu ta ce katifarta ba ta da faɗi," Mama ta faɗa da ƙarfi, har na bayan get suka ji. "Za ta dawo ɗakina."

Alhaji Mijinyawa ya tambayi sassan ɗaya bayan ɗaya. Wani daga cikin direbobi ya ce to matar Baffa fa, ita ba mutum ba ce? Ciyaman ya ce matar Baffa mutum ce, amma ba ta riƙe kayan kamfani ba, kuma doka tana nan yadda take. Mutumin bai gamsu ba, ya ce a rubuta cewa shi bai yarda ba, aka ce masa babu mai rubutu. A ƙarshe aka tsaya a kan haka: gonar bayan tukunya ta Zakka ce, ɗaki ɗaya na Joel, ɗaya na Mama. Gonarta kuwa, kamar ta kowa, sai a jikin sashenta, wato filin da ke kewaye da murhu.

Mama ta dubi wurin. Ɗan fili ne, rabinsa inuwar tsamiya, ƙasar ta daskare saboda takun ƙafa.

"Wannan? Ko akuya ba ta kwanciya a nan."

"Sashenki ne, Uwar Tuwo. Ba ni na zaɓa miki ba."

Ba ta yi godiya ba. Ta ɗauki mabuɗin daga kan benci ta sake ɗaure shi a bakin zane.

Ban sani ba ko ta san haka za ta faru. Na dai san kayanta a ɗaure suke, akuyoyinta sun ƙare, kuma sai da ta yi ta ba Micah haƙuri a waya don ya riga ya tsai da mota. Da taro ya watse muka tarar da kwanukan a gindin tsamiya, an jibge su yadda aka ci, har da mai lanƙwasasshen baki.

"Kin ga mutanen nan?" ta ce. "Sun yi furfura, ba wanda ya koyi wanke kwano."

Muka wanke har la'asar, muka mai da su ɗan sito.

Da ruwan farko ya sauka ta aro diga a wajen Baba Zakka. Ya kawo da kansa, ya tsaya yana faɗa mata ba haka ake riƙewa ba, har ta miƙa masa ya fasa mata rabin filin. A ƙarƙashin ɓawon ƙasar toka ce da gawayi da tsofaffin ƙasusuwa. Kuɓewa da yakuwa da kabewa sun yi kyau sosai. Masarar da ta shuka ta ɓangaren inuwa ba ta yi komai ba, bana hatsi sai ta saya ko Micah ya aiko. Baba Zakka ya samu shinkafa a bayan tukunya, ya aiko mata da kwarya guda, ta karɓa ta ce takinta ne. Amma na lura ba ta bin ta wajen. In za ta gonarta sai ta zaga ta bayan sito, ko da hanyar ta fi nisa.

Phoebe, matar Joel, ta tare kafin tsakiyar damina, ta haifi 'ya mace. Gidan ya cika da kukan jaririya da shanyar tsumma. Ni da Mama muka raba ɗaki, ta zana mini sabuwar kibiya a bango. Tana minshari, ban taɓa faɗa mata ba.

A ƙarshen shekara aka mai da ni wata makaranta a cikin gari. Ranar da nake haɗa kaya na ce, "Mama, ko in tafi wa Baba da kwanonsa? Zai ji daɗi."

"A'a," ta ce. "Ba ki ji Ciyaman ba? Kayan kamfani ne. In yana so ya zo ya ci a ciki."

Na faɗa wa Baba haka a shagonsa na walda. Ya ɗaga gilashin fuskarsa ya tambaya ko facin yana nan. Na ce yana nan, ba ya yoyo. Ya ce in kira ta in ce yana tafe ranar Asabar, kuma kar ta sa gauta da yawa.